Me ya sa tankin ƙarfe ke fara ɓulewa daga bakin ruwa?

Tambaya: Wani mai sana'ar walda ya ce tankunan ruwan da yake ƙerawa da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 kusan duk a wuri ɗaya suke fara yoyo, a wani zobe da ya zagaye cikin tankin daidai inda ruwa ya saba tsayawa. Gindin da kullum ke cikin ruwa yana nan da ƙwarinsa, saman da ruwa bai kai ba shi ma da sauƙi. Ya shafa jan fenti har sau biyu, bai hana ba. Ya kuma ji an ce masana a Amurka sun gano cewa ruwan da aka fesa ƙanana-ƙanana yana haifar da sinadarin wanke ciwo da kansa, shi ne yake son sanin ko wannan ne ke cin tankinsa.

Amsa: Malam, abin da ka lura da shi daidai ne, kuma ba daga hannunka ba ne. Ruwan da ke iyaka, inda ya haɗu da iska ko da ƙarfe, halinsa daban da na ruwan da ke tsakiyar tanki, kuma kusan duk ɓarnar da ruwa ke yi wa ƙarfe a wannan siririn wuri ake yin ta.

Mu fara daga ƙwayar ruwan kanta. Oksijin ɗaya ce da haidurojin biyu, kuma faɗinta bai cika kashi ɗaya cikin uku na nanomita ba, nanomita kuwa milimita ce aka raba gida miliyan. Gefen oksijin yana da ɗan caji nagetif, gefen haidurojin yana da fozitif, saboda haka kowace ƙwaya tana riƙe da maƙwabtanta, har kusan huɗu a lokaci guda idan tana tsakiyar ruwa. Wadda ta samu kanta a can saman ruwa ba ta da maƙwabta ta sama. A 1993 Yuen-Ron Shen da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka auna wannan da hasken leza, suka ga cewa kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na ƙwayoyin da ke fuskar ruwa suna da haidurojin ɗaya da ke miƙe cikin iska, bai riƙe kowa ba. Duk wannan yanki na daban kaurinsa bai kai nanomita ɗaya ba. Ƙwaya uku ko huɗu ƙasa da shi, ruwa ya koma ruwan da aka sani.

Tun da zaman saman yana da tsada ga ƙwayoyin, ruwa kullum ƙoƙarinsa ya rage faɗin fuskarsa. Wannan ɗaurewar fuska ana auna ta, a ruwa mai tsabta tana kai wa 72 a ma'aunin da barasar asibiti ke ba da 22 kacal. Amma idan ruwa ya tarar da abin da ya fi so ya riƙe fiye da iska, sai ya bi shi. Fuskar ƙarfe ba ƙarfe zalla ba ce, tana lulluɓe da siririn ɓawon oksayid, wato ƙarfen da ya haɗu da oksijin, ruwa kuma yana manne wa wannan ɓawo sosai. Shi ya sa idan ka leƙa bangon tanki za ka ga ruwan ya ɗan hau bango, ya lanƙwasa sama da milimita biyu zuwa huɗu, yana ƙara sirancewa har ya ɓace. Idan bangon ya riga ya yi tsatsa, hawan ya wuce haka nesa, domin tsatsa cike take da ƙananan ramuka masu tsotsar ruwa. Rami mai faɗin kashi ɗaya cikin biyar na milimita yana iya ɗaga ruwa kusan santimita 15.

A wannan siririn ruwa da ya hau bango ne matsalar take, kuma dalilin oksijin ne. Lita ɗaya ta iska tana ɗauke da oksijin fiye da miligiram 250. Lita ɗaya ta ruwa a zafin digiri 30 ba ta iya riƙe fiye da miligiram 7 da rabi. Ga shi kuma tafiyar oksijin a cikin ruwa ta fi ta cikin iska jinkiri wajen sau dubu goma. Idan ruwa a tsaye yake cak, oksijin zai ratsa kaurin maikuron 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kafin ƙiftawar ido. Milimita ɗaya za ta ɗauke shi kimanin minti huɗu. Mita ɗaya kuwa lissafi ya ce shekaru, in ba don motsin ruwa da zubowar sabo na kai shi ƙasa ba. Ke nan a bango guda, ƙarfen da ke ƙarƙashin siririn ruwan bakin tanki yana ƙoshe da oksijin, wanda ke ƙasa da shi da tazarar yatsa biyu yana cikin yunwarsa.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ce to inda oksijin ya fi yawa nan tsatsa za ta fi ci. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne ya kamata mai walda ya kasa kunne. Tsatsa aiki biyu ce da ba dole a yi su a wuri ɗaya ba. A aiki na farko ƙarfe yana narkewa cikin ruwa, kowace ƙwayarsa ta bar ilektiron biyu, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, a jikin farantin. A na biyu oksijin da ruwa suna karɓar waɗannan ilektiron, su zama haiduroksayid, sinadarin da ke ba ruwan toka kaifinsa. Faranti yana ɗaukar lantarki, ruwa mai ɗan gishiri shi ma yana ɗauka, saboda haka ilektiron da aka saki a nan yana iya bin cikin ƙarfe a cinye shi a can. Tankinka batir ne da aka haɗa kansa da gindinsa. Wurin da oksijin ya wadata shi ke karɓar ilektiron, kaifin da ke taruwa a wurin kuma yana ƙarfafa ɓawon oksayid ya kare shi. Wurin da ke kusa, mai ƙarancin oksijin, shi ake tilasta wa narkewa don ya ciyar da na saman.

Ulick Evans na Jami'ar Kambirij a Ingila ya nuna wannan tun shekarun 1920 da ɗigon ruwa ɗaya, kuma kana iya maimaita shi a shagonka. Ka goge guntun faranti da sanfefa har ya yi haske, ka share maiƙo, ka narkar da giram 3 na gishiri a mililita 100 na ruwa, ka ɗiga babban ɗigo a kai, ka kife shi da kofi don kada ya bushe. Bayan 'yan sa'o'i za ka ga zoben tsatsa ya fito, ba a tsakiya ba, ba kuma a can gefe ba, sai a tsakaninsu. Ka share ɗigon ka duba ƙarfen: gefen yana nan da haskensa, tsakiyar, inda ruwan ya fi kauri, ita ce ta cinye ta yi dushi-dushi. Idan ka samu malamin kimiyya ya ba ka finolftalin da fotasiyam ferisayanaid, sinadarai biyu masu canza launi, ka ɗiga cikin ruwan gishirin, ba sai ka jira ba. Cikin mintoci tsakiyar za ta yi shuɗi saboda narkakken ƙarfe, gefen ya yi ruwan hoda saboda kaifi. Tsatsar ja tana zama ne inda narkakken ƙarfe daga tsakiya ya gamu da haiduroksayid daga gefe. Darasin da ke ciki shi ne, inda ka ga tulin tsatsa ba lallai nan ne ramin yake ba, ka duba ɗan ƙasa da shi.

Wannan ɗigo shi ne bangon tankinka a miƙe. Idan ruwan rijiyar burtsatse ne mai farar ƙasa a cikinsa, sau da yawa za ka ga farin layi a can sama, inda kaifi ya sa farar ƙasar ta kwanta, sai jan layi a ƙarƙashinsa, sai kwarin da ƙarfe ya zaizaye a ƙarƙashin jan. Wannan farin ɓawo ma taimako yake yi, yana tare oksijin, shi ya sa ruwan sama da ba shi da farar ƙasa kan fi irin wancan cin ƙarfe.

Lissafin ɓarnar ba shi da wuya. Wutar amfiya ɗaya idan ta shekara tana gudana tana narkar da kilo 9 na ƙarfe. A ruwan sha mai kwanciya, faranti tsirara kan rasa abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a shekara, in dai cin ya bazu ko'ina. Da haka ne, da farantin milimita 3 ya kai shekara talatin. Abin da ke kashe tanki shi ne a tara cin da ya kamata ya bazu a mita guda a kan ɗan wuri kamar tafin hannu ko ma ƙasa da haka.

Tankin gida kuma ba ya tsayawa a layi ɗaya. Ana bugo ruwa da safe, ana sha har yamma, saboda haka akwai ɗamara mai faɗi da ke jiƙewa tana bushewa kullum. Wannan ta fi layi tsayayye muni, saboda dalili biyu. Duk lokacin da siririn ruwa ya bushe, gishirin da ke cikinsa yana nan a bango, gobe a ƙara wani, har ruwan da ke jikin bango ya fi na cikin tanki gishiri nesa ba kusa ba, kuma kuloraid ɗin gishiri shi ne babban mai fasa ɓawon da ke kare ƙarfe. Gishirin ma ba ya barin wurin ya bushe da gaske: gishirin girki yana fara jan ruwa daga iska ya narke da zarar laima ta kai kashi 75 cikin ɗari, cikin rufaffen tanki kuwa laima kusan kullum ta haura haka. Dalili na biyu, tsatsar da kanta tana shiga aikin. Idan ta jiƙe tana karɓar ilektiron daga ƙarfen da ke ƙarƙashinta kamar yadda oksijin ke yi, idan ta bushe iska ta mayar da ita yadda take, ta shirya wa zagaye na gaba. Cin ya fi tsanani a daidai lokacin da bangon ke shan iska, sa'ad da ruwan ya sirance amma bai ƙafe ba.

Sai maganar jan fentinka. Fentin share fage da aka fi sayarwa a kasuwa na mai ne, kuma mai idan ya haɗu da kaifi sabulu yake zama, kamar yadda ake dafa man kaɗe ko manja da ruwan toka a samu sabulun salo. Bakin ruwa kuwa nan ne masana'antar kaifi a tankinka. Da zarar an samu ƙaramar ƙofa a fentin, haiduroksayid zai taru a ƙarƙashinsa, ya mayar da shi laushi da santsi, ya ɗaga shi daga ƙarfe. Ko sau biyar ka shafa, irin wannan fenti ba na zaman cikin ruwa ba ne. Akwai kuma baƙin ɓawon nan mai sheƙi da ke kan sabon faranti daga masana'anta, wanda masu walda da yawa ke bari suna ganin kariya ce. A cikin ruwa abokin gaba ne. Yana karɓar ilektiron da kyau, kuma yana tsagewa wajen lanƙwasa da walda, sai duk faɗin ɓawon ya taru a kan ɗan ƙarfen da ya bayyana a tsagar. Haka famfon tagulla da aka ɗaura kai tsaye a jikin tanki yake yi wa ƙarfen da ke kewaye da shi.

Game da abin da ka ji daga Amurka, labarin yana da tushe. A 2019 Richard Zare da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka ba da rahoton cewa ruwa mai tsabta da aka fesa ya zama ɗigogi masu faɗin maikuron 1 zuwa 20 yana fitowa da haidurojin feroksayid, wato sinadarin wanke ciwon da ka ji, kimanin kashi ɗaya cikin miliyan. Hujjarsu ita ce a fuskar ɗigo akwai ƙarfin lantarki mai tsanani da ke iya ƙwace ilektiron daga haiduroksayid. Dalilin da ya sa ake duba ɗigogi shi ne yawan fuska: lita ɗaya a mazubi mai kusurwa huɗu fuskarta duka ba ta kai mita murabba'i ɗaya cikin goma ba, amma in aka farfasa ta zuwa ɗigogin maikuron 10 sai ta zama mita murabba'i 600. Sai dai ba kowa ya yarda ba. Himanshu Mishra da tawagarsa a jami'ar kimiyya ta Sarki Abdullah a Saudiyya sun maimaita gwajin, a 2022 suka ce iskar ozon da ke yawo a ɗakin gwaji ce ke kawo mafi yawan sinadarin, a 2024 kuma suka ce ragowar yana samuwa ne inda ruwa mai oksijin ya taɓa daskararren abu kamar ƙarfe, ba inda ya taɓa iska ba. Har yanzu ana ja-in-ja. A ganina bayanin na biyu ya fi kusa da abin da masu nazarin tsatsa suka daɗe da sani, domin oksijin idan yana karɓar ilektiron a kan ƙarfe yakan bi ta feroksayid a hanya. Ko wane ne ya yi gaskiya, adadin ƙanƙani ne. Na kantin magani kashi 3 cikin ɗari ne, ya ninka wancan sau dubu talatin. Ba shi ke huda maka tanki ba, kuma kada wani ya ce maka fesa ruwa yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa.

Yanzu gyara. Kafin komai, kada kowa ya shiga tankin da ya daɗe a rufe. Tsatsa oksijin take ci, tana iya cinye na iskar da ke ciki har mutum ya faɗi ba tare da ya ji warin komai ba. A buɗe, a hura iska da fanka, in akwai na'urar awo kada a shiga idan oksijin ya yi ƙasa da kashi 19.5 cikin ɗari, kuma a bar mutum a bakin ƙofa. Haka ma lokacin fenti.

A fara da wanki, ba da gurza ba. Ruwa mai tsabta da omo da buroshi, a ɗauraye sosai, don a fitar da gishiri da maiƙo. Wanda ya fara da injin gurza yana tura su ne cikin ƙarfen. Daga nan a ƙwanƙwasa ɗamarar da guduma a nemo ramuka, inda rami ya ci rabin kauri gara a yanke a sa sabon faranti da a cike shi da walda. A gurje tartsatsin walda da kaifin gefuna, domin ɗanyen fenti shi ma ruwa ne mai ɗaurewar fuska, yana janyewa daga kan kaifi ya bar shi da siriri. Sannan a cire tsatsa da baƙin ɓawo gaba ɗaya. Feshin yashi ko tsakuwar ƙarfe ya fi komai, har ƙarfen ya yi fari-fari da kaushin maikuron 50 zuwa 75. Buroshin waya shi kaɗai goge tsatsar yake ta yi ƙyalli, ba ya cire ta.

Akwai gwaji mai sauƙi na maiƙo da ya kamata a yi bayan wanki: a watsa ruwa mai tsabta a bango. Idan ya shimfiɗu bai tsinke ba, wurin ya fita. Idan ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo, akwai mai, ko da ido bai gan shi ba, domin shimfiɗar mai mai kaurin ƙwaya ɗaya, wajen nanomita biyu, ta isa ta canza halin fuskar ƙarfe. Fenti ba zai kama inda ruwa ya ƙi kamawa ba. Gishirin da aka bari shi kuma daga baya yake ramawa. Babu fentin da ruwa ba ya ratsawa a hankali, idan ya tarar da gishiri a ƙasa sai ya yi ta taruwa a wurin har fentin ya kumbura ya yi bororo.

A shafa fenti a ranar da aka gurje, kafin ƙarfen ya sake yin ja. Ƙa'idar masu fentin ƙarfe ita ce laima kada ta wuce kashi 85, kuma zafin ƙarfen ya ɗara zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3. A ranar damina mai zafin digiri 30 da laima kashi 80, raɓa tana sauka a wajen digiri 26, ke nan ƙarfen da ya kwana a waje ya yi sanyi yana iya kasancewa da ruwan da ba a gani da sassafe. A jira rana ta ɗaga. Hunturu ya fi dacewa da wannan aiki saboda bushewar iska, sai dai a kare ƙura.

Fentin da ya dace shi ne ifoksi mai gwangwani biyu, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na ruwan sha ne. Ban da mai dalma, ban da mai kwalta. A haɗa shi bisa awon da masu shi suka rubuta, ba da ido ba, kuma kaɗan-kaɗan, domin a zafinmu yana daskarewa a gwangwani da wuri fiye da yadda aka rubuta. A fara bin layukan walda da kusurwoyi da buroshi, sannan a shafa ko'ina sau biyu, jimillar kauri wajen maikuron 300. Tanki mai mita biyu ta kowane gefe yana cin lita 8,000 na ruwa, cikinsa mita murabba'i 24 ne har da rufi. A wannan kauri yana bukatar lita 7 da ɗoriya na ifoksin da ba a sirka ba, a sayi 10 saboda asara. Kada a manta da ƙarƙashin murfi, inda tururi ke zama raɓa kowane dare. Kada kuma a fente ɗamarar kaɗai a bar sauran tsirara, domin duk ƙofar allura da ta rage a fentin ita za ta ɗauki cin da faɗin ƙarfen tsirara ke jawowa. A bar shi mako guda ya bushe ya yi tauri kafin a zuba ruwa, a zubar da cikon farko.

Sandar magnisiyam da ake ɗaurawa a jikin tanki tana taimakawa, ita ke narkewa a madadin ƙarfe, muddin ta haɗu da ƙarfen tsirara ta ƙusa ko waya. Amma kariyarta ta cikin ruwa take bi, ba ta kai wa ga bangon da ruwa ya sauka ya bari. Bawul mai fulot da ke riƙe ruwa a layi ɗaya yana rage faɗin ɗamarar da ke jiƙewa tana bushewa. Famfon tagulla a raba shi da tanki da guntun bututun roba. Ƙwayar kulorin kuma a narkar da ita a bokiti tukuna, kada a jefa ta ta kwanta a kan ƙarfe.

Bayan damina ɗaya a sauke ruwa a duba ɗamarar. Idan an ga bororo, a huda ɗaya a taɓa ruwan cikinsa da takardar awon pH, mai nuna tsami ko kaifin ruwa. In ya nuna 11 ko sama, akwai ƙofa a fentin kusa da wurin da ƙarfe ke narkewa, a neme ta a toshe. In ya tsaya wajen 7, gishiri ne ko ragowar tina, ruwan sirka fenti, aka rufe a ƙarƙashi, wannan yanki sai an kankare shi an sake wankewa kafin a maimaita fenti.